Usta Abdussalami da Fuskar da ke Cikin Gilashi

Duk wanda ya saba bin bakin tur'a, wato magudanar ruwan noman rani, a ƙauyenmu Hillat Audi bayan sallar asuba ya san ƙarar ƙofar kwanon nan da ake ja a ƙasa. Usta Abdussalami ke nan, gwanin gyaran kayan wuta, yana buɗe rumfarsa. Ba ya sauri. Zai share gaban rumfar, ya shimfiɗa tsohon buhu a kan tebur, ya jera kayan aikinsa, mai jabana ta miƙo masa ɗan kofinsa na gahawa. Sannan ya jawo abin da aka kawo masa jiya, rediyo ne ko fanka ko talabijin, kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya sai ya kai hanci ya shinshina. Mun daɗe muna yi masa tsiya a kan wannan, muna cewa gyara yake yi ko cinikin kifi. Bai taɓa tanka mana ba, shinshinarsa yake yi.

Akwai kuma hannunsa na hagu. In dai ya buɗe bayan talabijin, sai ya mayar da hannun nan bayansa ya dunƙule, ya yi aiki da dama kaɗai. Mata suka ce laya yake riƙewa. Wasu suka ce da abin da ke cikin akwatin yake yarjejeniya. Ni da na san shi tun muna faɗawa tur'a ba wando, na tambaye shi wata rana. Ya ce, "Ustaz Osman, wuta in ta shiga ta hannu guda ta hita ta ɗayan, ta zuciya taka bi. Ni ko zuciyata guda ta."

Yanzu Usta ya rufe rumfa. Yanar ido ta rufe masa gani, likita a Wad Madani ya ce sai an yi aiki, shi kuma ya ce a bari sai bayan girbi, kuma kowa ya san girbin Usta ba ya zuwa. Ba wanda ya yi masa taro, ba wanda ya ba shi takardar yabo. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da na ƙare rayuwata ina koyar da yara, don kada a wayi gari a manta abin da mutumin nan ya yi mana.

Abubuwan suna da yawa. Limaminmu ba zai manta ranar da lasifikar masallaci ta ɓarke da muryar mace tana waƙa da tsakar rana, ba kowa a ciki, har tsofaffi suka ƙi zuwa azahar. Usta ya hau ya sauya waya guda, matar ta koma gidan rediyonta. Ungozomarmu za ta ba ka labarin firjin allurar rigakafi da ya raya bayan an ce sai dai a jefar. Waɗanda muka yi gudun hijira tare zuwa Gadarif lokacin da yaƙi ya iso jiharmu ta Jazira sun ga yadda ya haɗa batirin babur da wasu wayoyi, mutane suka riƙa cajin waya suna neman 'yan'uwansu. Amma aikin da nake so in faɗa shi ne na ƙarshe, wanda ya yi a gidan Hajja Hindu, don a gabana aka yi shi.

Hajja Hindu maƙwabciyata ce. Ɗanta na fari Bilyamin yana da ɗan shagon ɗaukar hoto a bakin kasuwa. Ita ba ta kama sunansa, Mai Hoto take ce masa. A tagar shagon ya ajiye wata tsohuwar shasha, wato allon kwamfuta irin na da, mai ƙatuwar ƙeya kamar talabijin, ta fuskanci hanya. A wajen Usta ya saye ta. Hoto ɗaya ne a kanta tun safe har a rufe shago, shekara da shekaru: fuskar Bilyamin kansa, wai samfuri ne don masu zuwa su ga aikinsa. Gaskiyar magana, yaron yana son kansa. Na sha jin Usta in ya wuce yana yi masa faɗa: "Kai, sauya wanga hoto, za shi ci gilashin." Bilyamin ya ce ai ba fuskar da ta fi wannan jawo ciniki a duk yankinmu na Rufa'a.

Ranar da muka gudu, Bilyamin ya sa uwarsa da ƙanwarsa Ilham a mota, ya ce zai koma ya ɗauko kyamararsa ya biyo mu. Bai biyo mu ba. An nema a Gadarif, an nema a Kamlin, an duba asibitocin Madani da aka koma. Ba wanda ya ce ya ga gawarsa, ba kuma wanda ya ce ya gan shi da rai.

Da muka dawo gida, mun tarar an kwashe komai. An karɓe wayar Hajja tun a hanya, akwatin hotunanta ya ƙone tare da ɗakin da yake ciki. Mutumin da ya ɗauki hoton kowa a ƙauyen nan, shi ba a samu nasa ko guda ba. A shagonsa abu ɗaya aka bari, tsohuwar shashar nan, don ta yi nauyi kuma ba mai saye. Ilham ta ɗauko ta a amalanke. Da suka samu faifan sola, wata rana da hantsi ta jona ta, don ta ga ko tana da sauran amfani.

Babu kwamfuta a jikinta, waya ɗaya ce ta wuta. Gilashin ya yi haske toka-toka, ya ɗauke, ya dawo. A cikin hasken nan sai ga fuska. Ilham ta ce ba ta san lokacin da ta kai ƙofar gida ba.

Ni ma na je na gani, kuma ba zan ɓoye ba, tsikar jikina ta tashi. Ɗaki ne ƙarami, an rufe taga, an yayyafa ruwa a ƙasa don sanyi. Shashar tana kan tebur an lulluɓa mata farin tob na Hajja, wato mayafinta, gilashin kaɗai ke waje. Fuskar ba ta da launi, kamar inuwar mutum a ruwan tur'a. Amma Bilyamin ne, goshinsa ne, kunnuwansa ne. Sai hasken ya girgiza, fuskar ta matse, ta miƙe, idanun su rufe su buɗe. Daga bayan akwatin kuma wani sauti ke fita a hankali, sss, ya tsaya, sss, irin numfashin mai ciwon ƙirji. Kyanwar gidan ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta ƙi shiga.

Hajja tana zaune a kan angareb, gadon nan na igiya, ba tsoro a fuskarta ko kaɗan. Ta ce mini, "Ustaz, ka gani? Shina ƙyafta ido. Matacce ba ya ƙyafta ido."

Daga ranar ta ɗauki wannan ta riƙe. Muddin yana ƙyaftawa, yana da rai a wani wuri. Solar gidan ba ta iya ɗaukar shashar sai rana ta take, don haka kullum tsakanin hantsi da azahar, lokacin da ƙauye ke yin tsit kowa ya shige inuwa, Hajja za ta rufe ƙofa ta zauna da ɗanta. Ta yi masa abin da kowace uwa a nan take yi wa ɗakin matafiyi don ya dawo ya tarar da ƙamshi: ta zuba garwashi a kasko, ta ɗora bakhur, turaren wuta mai sandal da sukari da mai, ta tura kaskon ƙarƙashin tob ɗin, daidai ramukan da ke bayan akwatin, hayaƙin ya shiga ciki sosai. Ta goge jikin akwatin da humra. Ta ƙara yayyafa ruwa don kada zafi ya dame shi.

Amma abin sai ƙara lalacewa yake yi. Duhun da ke tsakanin ƙyaftawa ɗaya da ɗaya ya riƙa tsawo. Fuskar ta riƙa murɗewa, baki ya karkace kamar mai jin azaba. Hajja ta daina cin abinci sosai. In hasken ya ɗauke sai ta riƙe numfashinta har ya dawo. Ta ce suna wahalar da shi a inda yake, ta ƙara turare. Matan unguwa da suke zuwa kallo suka daina zuwa, bayan wata ta rantse ta ga shuɗiyar wuta tana rawa a ƙarƙashin tob ɗin. Ilham ta same ni tana kuka, ta ce ranar da shashar nan ta mutu uwarta ba za ta kwana ba. Muka je muka ɗauko Usta.

Kai ne, Usta, ka shiga ɗakin nan da sallama kamar mai shiga gaida marar lafiya. Ba ka yi dariya ba. Ba ka ce wa tsohuwa camfi take yi ba, ko da yake na san wasu da za su faɗa tun daga bakin ƙofa. Ka zauna a ƙasa ka gaishe ta, ka tambayi ƙafarta, ka sha ruwan da aka ba ka. Sannan ka matsa kusa da akwatin ka karkata kunne, ka daɗe kana sauraron numfashin nan, ka kai hanci. Da ka ɗago, sai ka ce a kashe, ka kira ni da Ilham waje.

A gindin dalbejiya ya gaya mana. Hayaƙin bakhur mai maiƙo ne, ya shiga ya kwanta a kan komai, ƙura ta manne masa, danshin ƙasa ya haɗu da shi. Wuta mai ƙarfi da ke kunna gilashin ta samu hanya, tana tsallake wayarta tana bin dattin nan. Ita ce ke huci, ita ce shuɗin hasken, ita ce ke sa hoton rawa. Ya ce in aka bar shashar haka za ta ƙone, wataƙila da tob ɗin da ɗakin, wataƙila da hannun da ke goge ta. In kuma ya gyara, fuskar za ta tsaya cak, ba sauran ƙyaftawa.

Ilham ta ce, "Baba Usta, ba za ka iya gyarawa ka bar ƙyaftawar ba? Ko kaɗan. Ita ba za ta sani ba."

Ya ce, "Ina iyawa, ɗiyata. Abu mai sauƙi na."

"To ka yi, don Allah."

"In na yi, ni ka buɗe idon wanga yaro ina ruhewa. Kullum uwarki za ta zauna tana kallon hannuna, tana zaton ɗanta na. Ba ni yin haka ga Hajja."

Ni kaina na ji haushinsa a lokacin. Na ce a raina, mutum yana da magani a hannu yana wani taurin kai. Amma ya riga ya juya ya koma ɗakin. Ya ce wa Hajja yana so ya fito da shashar tsakar gida ya buɗe ta, kuma ba zai taɓa komai ba sai tana wurin tana gani. Ta dube shi ta ce, "Abdussalami, amana ta." Ya ce ya sani.

Muka ɗora ta a kan tabarma a inuwar katanga. An cire ta daga wuta, wayar tana yashe a ƙasa kowa yana gani. Usta ya kwance bayan, wani wari ya taso, ƙamshin sandal haɗe da ƙauri. Ya mayar da hannun hagu bayansa. Ya ɗaura waya a jikin doguwar sukudireba, ya zura bakinta a hankali ƙarƙashin wata roba da ke manne a ƙeyar gilashin. Sai tas, wuta ta yi tsalle, shuɗiya, da rana tsaka, daga abin da ba a jona da komai ba. Hajja ta dafe ƙirji. Ni ma sai da na ja baya.

Ya ce, "Kada ku ji tsoro. Haka take, tana riƙe wuta a cikinta ko an raba ta da ita. Yanzu ta sake."

Ya shafa yatsa a ciki ya fito da shi baƙi ƙirin, yana danƙo. Ya miƙa wa Hajja ya ce ta shinshina. Ta shinshina. Na ga lokacin da ta gane ƙamshin, don kafaɗunta sauka suka yi.

Ta ce, "Turarena na."

"Shi na, Hajja."

"Ashe ni ka wahalshe shi. Duk murɗewar nan da shika yi, ni ta."

Ya ce, "Akwati kinka wahalshe, shi ko akwati ba ya jin zafi. Turare ki kai shi ga tufafin yaro, can ad da wurinsa. Zo ki ga wani abu."

Ya ce in kama masa, muka juya gilashin ya kalli gefen rana, ya ce mu karkata shi kaɗan, mu ƙara kaɗan. Hasken ya kwanta a kan gilashin a gicciye. Ga shi nan. Ba wuta, bayan akwatin a buɗe, hanjinsa a waje, amma fuskar Bilyamin tana kwance a jikin gilashin, dishi-dishi, ba ta motsi. Usta ya ce shekarun da hoton ya yi a wuri ɗaya su suka ƙone shi a ciki, ba mai iya goge shi. "Na hana shi, bai ji ba," in ji shi. "Yau na gode Allah da bai ji ba."

Sannan ya gaya mata abin da ya gaya mana a gindin dalbejiya, bai rage komai ba, ya ce ita za ta zaɓa. Hajja ta zauna tana kallon gilashin har inuwar katanga ta matsa ta bar ƙafafunta a rana. Daga baya ta ce, "Gyara."

Ya yi aikin da yatsu fiye da ido. Yana shafawa yana gogewa da tsumma da ɗan sibirto, ruwan nan da ake wanke rauni da shi, yana shinshinawa, ya sake gogewa. Inda ake bukatar dalma, Ilham ce ta riƙa gaya masa ko bakin ƙarfen ya sauka daidai. Na ɗauka gajiya ce ta sa ya nemi taimako. Ya bar komai ya bushe a rana, ya rufe, muka mayar ɗaki. Ya sa aka buɗe taga, aka ɗauke tob. Ya jona.

Haske ya zo ya zauna. Ba huci, ba rawa. Fuskar ta fito fes fiye da yadda muka taɓa ganinta, idanu a buɗe suna kallonmu. Muka jira. Na san kowa a ɗakin abu ɗaya yake jira, har ni da na ji bayani da kunnena. Idanun ba su rufe ba. Gaskiya tsayuwar fuskar ta fi rawarta ban tsoro.

Hajja ta ce, "Ya bari."

Ilham ta kama hannunta. Usta yana durƙushe a ƙasa, ya ce, "Hajja, ban san inda Bilyamin yake ba. Wagga shasha ma ba ta sani ba, ba ta taɓa sani ba. Allah kaɗai ya sani. Abin da na iya riƙe miki shi na riƙe."

Hajja ta sauko daga angareb, ta matsa har numfashinta yana taɓa gilashin. Ta daɗe a haka. Ina jiran ta faɗi, na ma gyara tsayuwa don in tare ta. Sai na ji ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro.

Ta ce, "Ilham, zo ki gani. Dariya shika yi."

Muka duba. Haka ne kuwa. Gefen bakin nan da muka yi watanni muna ganin yana murɗewa don azaba, murmushi ne, irin na mai ganin ba wanda ya kai shi kyau a duk Rufa'a. Rawar hasken ce ba ta taɓa barin kowa ya gani ba. Hajja ta yi kuka ranar, kuka na gaske da murya, wanda ba ta yi ba tun da muka dawo. Da la'asar ta ce a ɗumama mata tuwon asida.

Har yau ba labarin Bilyamin. Ilham ta ɗauki fuskar da waya, an wanke ta a Rufa'a, tana rataye a bango. Shashar tana nan, Hajja takan kunna ta ranar Juma'a da taga a buɗe. Bakhur ɗinta kuwa jallabiyar Bilyamin da ta tsira a cikin kayan gudunsu take turarawa da shi a tsakar gida, ta ninke ta mayar akwati. Kyanwar dai har yanzu ba ta shiga ɗakin, kuma wannan ko Usta bai ba ni bayaninsa ba.

A hanyarmu ta komawa ranar gyaran, na lura Usta yana bin katanga da hannu. Da muka kai bakin tur'a ya tsaya, ya ce, "Ustaz, in tambaye ka, kada ka gaya ma Hajja." Ta riga ta ji daga baya, shi ya sa nake rubutawa. Ya ce, "Huskar tana nan kuwa da gaske? Ni toka-toka kawai nika gani."

Ashe tun shigarsa ɗakin bai ga komai ba. Ya karkata gilashin nan ga rana ne a kan abin da ya sani tun ranar da yake yi wa yaro faɗa a bakin kasuwa. Kunya da mamaki suka hana ni ba shi amsa mai kyau, na ce masa eh kawai, muka wuce. Bai sake karɓar aiki ba daga ranar.

Kai ne, Abdussalami, mai hannu ɗaya a baya, da aka ba ka ƙarya mai sauƙi ka ƙi karɓa, ka kuma ƙi jefa wa tsohuwa gaskiya daga nesa, ka zauna a ƙasa kusa da ita har ta iya ɗauka. Mun gode. Hillat Audi ta gode, Hajja Hindu tana sa ka a addu'a da suna. Ku masu gyara da ke tasowa, ku je ku zauna da shi tun yana nan, ku ga yadda ake tambayar abin da kaya yake nufi ga mai shi kafin a kwance ƙusa. Mu kuma sauran, mu daina jiran girbinsa, mu kai shi Madani a buɗe masa idon nan, don akwai abin da ya kamata ya gani da kansa.

Kafin nan, ga amsar da na kasa ba ka a bakin tur'a. Tana nan, Usta. Goshinsa ne, kunnuwansa ne, kuma dariya yake yi.